Tankin rarar ruwa a tsohuwar mota: a duba murfin lagireto kafin a huda bodi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana a kan wani ƙaramin aiki da ya yawaita tsakanin masu riƙe da tsofaffin motoci, wato ɗaura wa lagireto tankin rarar ruwa. Aiki ne mai kyau kuma muna goyon bayansa, sai dai yadda ake yinsa sau da yawa ba ya tsinana komai, wani lokaci ma ɓarna yake jawowa. Za ka buɗe bonet ka tarar da gora a ɗaure, tiyo ya shiga cikinta, mai mota hankalinsa kwance, alhali ruwan da ke fita daga lagireto ba ya komawa ko ɗigo. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an nemo gora, an manta da murfin lagireto. Murfin nan kuwa shi ke yanke hukuncin ko aikin zai yi ko ba zai yi ba.

Ruwa yana ƙara yawa idan ya yi zafi. Daga digiri 20 zuwa digiri 100, ruwa zalla yana ƙaruwa da wajen kashi 4 cikin 100. Idan an gauraya shi rabi da rabi da sinadarin sanyaya inji, ƙaruwar takan kai kashi 5 ko ta ɗan wuce. Ke nan injin da ke cin lita 8 zai fitar da rarar da ta kusa rabin lita duk lokacin da ya yi zafi sosai. Masu ƙera tsofaffin motoci sun san da haka, shi ya sa suka yi wa lagireto babban kai, suka ce kada a cika shi har wuya, a bar iska kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin murfi. Wanda ya cika shi fal, rarar za ta bi siririn bututun da ke gefen wuya ta zube ƙasa. Da yawa daga masu cewa motarsu tana shan ruwa ba abin da ke damun motar, su ne ke cika ta fiye da ƙima kowace safiya, ita kuma tana zubar da abin da ya yi mata yawa.

Wannan tsari ya yi shekaru yana aiki, amma yana da illa. Iskar da ke kwance a kan ruwa ita ke ciyar da tsatsa a cikin inji. Bayan haka, idan aka kashe inji bayan doguwar tafiya, famfon ruwa ya tsaya amma ƙarfen kan inji na nan da zafinsa, sai ruwan da ke kewaye da bawul ɗin hayaƙi ya tafasa a wurin, tururi ya turo ruwa waje. Abin da ya zube ya tafi ke nan. A hankali ruwa ya yi ƙasa har bakunan bututan lagireto su fito fili, mai mota ya ƙara ruwan da ya samu, ruwan ya zo da gishirinsa ya bar farin ɓawo a cikin bututu, sinadarin hana tsatsa kuma ya ƙara tsinkewa. Tankin rara yana tare abin da zai zube, ya mayar da shi idan inji ya huce, lagireto ya zauna a cike ba iska. Ba sabuwar dabara ba ce: tun 1961 motar Renault 4 ta fito daga Faransa da rufaffen tsarin ruwa mai tulun rara, daga baya kusan duk masu ƙera mota suka bi wannan hanya.

A nan sai mun ja kunne. Tanki ba maganin zafin inji ba ne. Motar da allurar zafinta ke hawa tana tafasa a kan hanya, to cutar tana wani wuri: bututan lagireto sun toshe, ko fambel ya saki, ko tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, ya maƙale a rufe, ko saitin wuta ya yi baya, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone. Idan aka ɗaura gora a kan irin wannan mota, gorar za ta cika ta tumbatsa, inji ya ci gaba da dahuwa. A gyara waɗannan tukuna.

Tankin iri biyu ne, kuma rikita su shi ne babban kuskuren da ake yi. Akwai gora marar matsi, wadda aikinta karɓar rara kawai, tana da ƙofar shan iska a murfinta, murfi mai sifirin kuma yana nan a kan lagireto yadda yake. Akwai kuma tanki mai matsi, wanda ya zama wani ɓangare na cikin tsarin ruwan, murfi mai sifirin ya koma kansa. Ga yawancin tsofaffin motocin da ba a canza musu inji ba, a ganinmu gora marar matsi ta wadatar. Ta fi sauƙi, ba ta bukatar a yanka komai, kuma duk ranar da aka so mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, cire ta ba ya ɗaukar lokaci.

Sai murfi. Ɗauki murfin lagireto ka juya shi. A ƙasa akwai faifai mai roba wanda babban sifirin ke dannawa a kan gindin wuyan lagireto. Shi ke riƙe matsi, ba ya ɗagawa sai matsin ya kai adadin da aka buga a saman murfin. A tsakiyar faifan akwai wani ɗan ƙaramin bawul mai buɗewa ciki. Idan inji ya huce ruwa ya tsuke, sai a sami gurbi a ciki, ƙaramin bawul ɗin ya buɗe, gurbin ya zuƙo duk abin da ke sama da faifan. Bututun rara yana fita ne daga gefen wuya, tsakanin faifan ƙasa da leɓen sama. A tsohon murfi ba roba a sama, sai wani siririn faifan ƙarfe da ke hana murfin karkarwa. Saboda haka idan zuƙar ta tashi, iska ce za ta shigo ta leɓen wuya, domin jan iska ya fi jan ruwa daga gora sauƙi, kamar mai zuƙar ruwa da tsinke mai huda a gefe. Murfin da ake bukata shi ne mai roba biyu: ta ƙasa mai riƙe matsi, da ta sama mai zama a kan leɓen wuya ta toshe shi ruf. Idan ta saman nan ba ta nan, gorar wurin tara ruwa ce kawai.

Abu biyu za a kiyaye wajen sayen sabon murfin. Na farko zurfin wuya. Tsofaffin lagireto suna da wuya mai zurfin inci ɗaya, wato wajen milimita 25, da kuma mai kashi uku cikin huɗu na inci, wajen milimita 19. A auna daga leɓen sama zuwa gindin da faifai ke zama. Gajeren murfi a dogon wuya ba zai kai gindi ba, ba zai riƙe matsi ko kaɗan ba, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana kwarara cikin gora. Dogon murfi a gajeren wuya kuwa, idan ma ya shiga, sifirin ɗinsa ya matsu fiye da ƙima, zai riƙe matsin da ya wuce abin da aka rubuta a kansa.

Na biyu adadin matsin, kuma a nan ne ake kashe lagireto masu kyau. Matsi yana ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Ruwa zalla a daidai bakin teku yana tafasa a digiri 100. Ƙarƙashin murfin psi 4 (psi ma'aunin matsi ne) sai wajen 107, psi 7 wajen 111, psi 13 wajen 119, psi 15 wajen 121. Ganin haka sai mutum ya ce bari ya sa mafi ƙarfi ya huta. Amma a yi lissafi. Kan lagireto mai tsawon santimita 45 da faɗin santimita 6, a psi 7 ƙarfin da ke neman ɓalle shi daga jikinsa ya kai nauyin kilo 130. A psi 15 ya haura kilo 280. Likin dalma mai shekara hamsin ke riƙe da wannan kai. Ga kuma ƙaramin lagireton hita, ga robar famfon ruwa, ga kofunan ƙarfen da ke toshe ramukan gefen inji waɗanda tsatsa ta riga ta ci ta ciki. Motar da littafinta ya ce psi 4 ko 7, a nemo mata murfi mai roba biyu na psi 4 ko 7. Idan da ɗaya ma'aunin matsin da ake kira bar aka rubuta, 0.5 shi ne kusan psi 7, 0.9 kusan 13, 1.1 kusan 16. Ɗaura tanki ba ya bukatar ƙarin matsi ko ɗaya.

Kafin a sa murfin a duba wuyan da kansa. Leɓen sama, wanda a da ba ruwan kowa da shi, yanzu ya zama wurin da roba za ta zauna. Idan ya lotsa ko ya karkace saboda shekarun da aka yi ana ɓamɓare murfi da sukundireba, a daidaita shi, a goge shi da lallausar takardar yashi da aka naɗe a kan katako mai shafaffen baki. A duba inda bututun rara ya shiga wuya, domin likin wurin yakan tsage, tsagin da ido ba ya gani kuwa ya isa ya hana ruwa dawowa. Gwajin ba wuya: a cire murfi, a toshe bakin bututun ta cikin wuya da yatsa, a shafa ruwan sabulu a wurin likin, a hura iska ta ɗaya ƙarshen da ƙaramin famfo. Kumfa ya tashi, sai a sake liki. A wasu motoci bututun dogo ne, ya bi gefen lagireto har ƙasa. Ana iya haɗa tiyo a ƙarshensa idan lafiyarsa ƙalau, amma irin waɗannan sukan toshe da tsatsa ko su huje a bayan maƙalansu, don haka a tabbata iska na wucewa kuma ba ta fita ta gefe.

Girman gora ya danganta da yawan ruwan injin. A duba littafin mota, ko a juye ruwan a auna. Gorar da ta kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimillar ruwan ta yi: injin lita 8 gorar lita ɗaya, babban inji mai lita 14 ko 15 gorar lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Dole ta ɗauki ruwan ajiya da zai zauna a ƙasanta lokacin sanyi, ta ɗauki rarar, a kuma sami ɗan fili a sama saboda tunkuɗar da ke biyo bayan kashe inji. Doguwa siririya ta fi gajeriya mai faɗi, domin hawa da saukar ruwa sun fi fitowa fili a cikinta, kuma ruwan ba ya kaucewa daga bakin tiyo a kwana. Game da abin da aka yi ta da shi, farar roba mai kauri da ake ganin inuwar ruwa ta cikinta ta fi amfani. Ta alminiyam ko tagulla ta fi dacewa da kamannin tsohuwar mota, amma sai a nemi mai siririn bututun gani a gefe. Gorar ruwan sha ba ta yi ba sam. Robarta tana fara laushi tun wajen digiri 70, ruwan da ke fitowa daga lagireto kuwa ya fi haka zafi nesa. Ban da haka, sinadarin sanyaya inji guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, yana kashe ƙoda, bai kamata a gan shi cikin abin da yaro ya saba sha daga ciki ba.

Tiyon ya shiga ta ƙasan gora, ko kuma ya bi ta murfi ya sauka har kusa da gindi. Abin da ake so shi ne bakinsa ya kasance cikin ruwa ko da yaushe. Idan ta sama ya shiga, a yanke ƙarshensa a karkace, a bar kamar santimita ɗaya tsakaninsa da gindi. Wanda aka yanke daidai ya zauna daram a gindin gora, zuƙa za ta manne shi ya toshe kansa, ko ya kwaso laka ya kai wa ƙaramin bawul. Murfin gorar kuma ya zama da ƙofar iska, ko da huda ce ta milimita 2, an fi so da ɗan tiyo mai kallon ƙasa, wanda zai kai ambaliya nesa da wayoyi da taya.

Tiyon da kansa ya zama baƙar roba irin ta ruwan inji, mai zare a ciki, daidai da kaurin bututun rara, wanda yawanci milimita 6 ne ko 8, wani lokaci 10. Farin tiyo mai sheƙi yana da daɗin kallo saboda ana ganin ruwa na tafiya, amma zafi na sa shi laushi ya manne lokacin zuƙa, daga baya ya bushe ya saki baki. A sa kilif a kowane baki, an fi son mai sifirin, domin ƙaramin kilif mai sukuru yakan matse siririn tiyo ya bar gefe ɗaya a buɗe. Kada a ce ai ba matsi a wannan tiyo don haka ba ya bukatar kilif. Ba fitar ruwa ake tsoro ba, shigar iska ake tsoro.

Wurin ɗaurawa: jikin bodi kusa da lagireto, ba jikin inji ba, saboda girgiza. Nesa da manifol ɗin hayaƙi, nesa da fanka da fambel, a kuma tuna inji yana motsi a kan robobinsa idan an taka mai. Tsawon da ya fi dacewa shi ne inda ruwan gora zai tsaya daidai da wuyan lagireto ko ƙasa da shi kaɗan. Ko ta sauka da santimita 20 ko 30 za ta yi aiki idan ba inda iska ke shiga, amma duk ƙara saukarta ƙara wa zuƙar wahala ne, ƙaramar huda ma sai ta rinjaye ta. Idan ta hau sama da wuya sosai, duk ranar da aka buɗe murfin lagireto ruwan gora zai gangaro ya malale. Tiyo ya zama gajere, ba lanƙwasa mai kaifi, ba ya gogar ƙarfe. A nemi ramin da ke akwai tun asali kafin a ɗauki injin huda, domin kowace sabuwar huda a bodin tsohuwar mota ƙofar tsatsa ce kuma ragin daraja ce. Idan hudar ta zama dole, a leƙa bayan wurin a tabbata ba waya ko bututun birki, a shafa fenti a bakin ramin, a sa wosha ta roba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a kan hanya mai gargada tana fizga da ƙarfi. Maƙalin ya zama ƙarfe mai kaurin milimita 2 da noti biyu, ba waya ko igiyar roba ba.

Idan an gama, inji na sanyi, a cika lagireto har wuya, domin yanzu ba a bukatar barin iska. A buɗe hita idan akwai, a kunna inji ba murfi har tamostat ya buɗe, wanda yawanci a digiri 82 ko 88 ne, za a ji tiyon sama ya yi zafi. A bar kumfa ya ƙare, a kashe, a bari ya huce, a ƙara ruwa har wuya, a rufe. Gora kuma a zuba mata har kashi ɗaya cikin uku, a ja layi da alƙalami a daidai wurin. Ruwan ya zama iri ɗaya da na cikin inji. Ga lagireton jan ƙarfe da tagulla mai likin dalma, tsohon nau'in sinadari, wanda ake canzawa duk shekara biyu, shi ya fi dacewa da shi. A karanta abin da ke jikin galan, kada a dogara da launi, domin launi rini ne kawai. A gauraya da tataccen ruwa, ko da a ƙasar da ruwa ba ya daskarewa, saboda maganin tsatsar da ke ciki.

Gwaji na gaskiya sai an kwana. A yi tafiya har inji ya yi zafi sosai, a duba: ruwa ya hau sama da layi. Washegari da safe ya koma layi, kuma idan aka buɗe lagireto a tarar da shi fal. A zafi biyu ko uku na farko ruwan gora zai riƙa sauka ƙasa da layi, wannan ba laifi ba ne, sauran iskar da ta maƙale ce ke fita ruwa na maye gurbinta. A ƙara har ya tsaya.

Idan bai yi haka ba, yadda ya ƙi ɗin shi zai nuna inda cutar take. Gora ta cika ba ta sauka, lagireto kuma ya yi ƙasa: iska na shiga, ta robar sama, ko ta leɓen wuya, ko ta tiyo, ko kuma ta wani wuri dabam a tsarin, domin sakakken kilif a babban tiyo ko robar famfo da ta gaji kan hana ruwa fita da zafi amma su bar iska ta shiga da sanyi. Famfon gwajin matsi zai tona wurin, amma kada a hura fiye da adadin murfi. Babban tiyon sama ya lotse ya manne bayan inji ya huce: ƙaramin bawul ya maƙale, ko tiyon gora ya toshe, ko gorar ba ta shan iska. Gora ta ƙafe ƙaf kowane 'yan kwanaki: ruwa na zuba a wani wuri, ko inji na ƙona shi. Amma idan kumfa na tasowa a gora ba ƙaƙƙautawa inji na aiki, tiyo ya yi tauri jim kaɗan bayan tayarwa tun bai yi zafi ba, to hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa, gasket ko tsagi a kan inji. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake zuƙo iskar lagireto ta cikinsa, yana komawa rawaya idan da hayaƙin fetur. A yi wannan gwaji kafin a kwance komai.

Tanki mai matsi kuwa yana da wurinsa. Shi ake so idan an canza inji, ko an sa lagireton da ya fi kan inji ƙasa, ko wanda ba shi da wuya. Mafi sauƙinsa mai tiyo ɗaya ne, irin ƙaramin tankin ƙarfe da aka sa wa motocin Ingila da dama a shekarun 1970. Tiyo ya taso daga saman lagireto ya shiga ƙasan tanki, a cika lagireto fal, tanki kuma rabi ko ƙasa da haka. Rara ta shiga ta matse iskar da ke saman tankin, idan an huce iskar ta turo ta baya. Wannan ba dole ya fi komai tsawo ba. Sharaɗinsa shi ne murfi mai sifirin ya zama guda ɗaya tak, a kan tanki. Lagireto a sa masa murfi marar sifirin, mai roba a sama kawai, wanda zai toshe leɓe ya bar bakin bututun rara a buɗe. Wanda ya bar murfi mai sifirin a wurare biyu ya haɗa matsin biyu wuri ɗaya: na lagireto ba zai buɗe ba sai ya rinjayi sifirin ɗinsa da kuma matsin da ke bayansa, psi 7 da psi 13 su tashi kusan 20 a kan tsohon liki. Kuma tunda yanzu bututun rara da tiyonsa suna ɗauke da cikakken matsi da zafi, likin ya zama sabo, tiyon mai ƙarfi, bakin bututun kuma a yi masa ɗan tudu yadda tiyo ba zai zame ba.

Ɗaya nau'in mai tiyo biyu ne ko uku, irin na motocin zamani. Siririn tiyo na milimita 6 ko 8 ya taso daga wuri mafi tsawo, kan lagireto ko gidan tamostat, ya shiga saman tanki. Babban tiyo na milimita 16 zuwa 19 ya fita daga ƙasan tanki ya shiga ɓangaren da famfo ke zuƙa, wato tiyon ƙasa ko hanyar dawowar hita. Ruwa kaɗan na zagayawa ta ciki kullum, yana ajiye kumfansa a tanki. Wannan dole ya zama shi ne ƙololuwar tsarin, ruwan cikinsa ya fi kan inji da hita tsawo, in ba haka ba iska za ta taru a inda ya fi shi tsawo. Siririn tiyon kada ya yi faɗi, domin duk ruwan da ya bi ta nan ya tsallake lagireto bai huce ba. Ana sa masa ɗan matsattsen bututu mai ramin milimita 3 a ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko tankin roba daga motar zamani da ta mutu a ɗaura shi da murfinsa. Murafun waɗannan sukan riƙe bar 1.1 zuwa 1.5, wato har ninki uku na abin da motar psi 7 ta saba ɗauka, kuma zarensu na musamman ne, da wuya a sami mai ƙaramin matsi da zai shiga. Tankin ƙarfe mai wuya irin na lagireto ya fi, tunda za a iya zaɓar masa murfin da ya dace. Tsohuwar roba da ta yi rawaya ta fara tsattsagewa kuwa a bar ta inda aka gan ta.

Motocin da suka fi waɗannan tsufa, waɗanda ba su da matsi ko kaɗan, lamarinsu ya fi sauƙi kuma ya fi bukatar hattara. Bututun rararsu a buɗe yake kai tsaye daga kan lagireto. A sa wa murfinsu roba ya toshe sosai, a kai tiyo cikin gora marar matsi, ruwa zai fita ya dawo ba tare da wani bawul ba. Kada a yi gigin mayar da su masu matsi. Lagireto mai saƙar zuma da famfo mai toshiyar zare ba a yi su don haka ba.

Bayan an ɗaura, kada ganin ruwa a gora ya hana buɗe lagireto. Idan zuƙa ta lalace, gora za ta nuna ruwa a layi alhali inji ya bushe. Sau ɗaya a wata, da safe kafin a kunna, a buɗe murfi a gani da ido, a taɓa ƙaramin bawul a ji yana motsi, a duba robobin biyu ko sun tsage ko sun kumbura. Duk lokacin da aka canza ruwan inji a cire gorar a wanke lakar da ta kwanta, a sake murfi idan robarsa ta yi tauri. Murfi mai sifirin kuma, a lagireto yake ko a tanki, ba a taɓa shi da zafi: ruwan da ke digiri 110 ƙarƙashin matsi yana juyewa tururi nan take da an sassauta, ya feso fuska da hannu. A jira har tiyon sama ya yi laushi, a iya riƙe shi da hannu.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran lagireto da tsofaffin motoci.